Allura Talatin da Riɗin Malam Isiyaku

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, nakan sami baƙi a ƙofar asibiti waɗanda ba ciwo ne ya kawo su ba. 'Ya'yan 'yan'uwa ne da na maƙwabta, kuma tambayarsu ɗaya ce: wace makarantar likitanci za su nema, wadda ke tura ɗalibi ɗakin bincike ko wadda ke tura shi ƙauye? Yawancinsu sun gama yanke hukunci kafin su zo. A ganinsu bincike na masu ƙwaƙwalwa ne, aikin ƙauye kuwa rubuta maganin zazzaɓi ne da awon masu ciki, abin da kowa zai iya. Wasu kuma akasin haka suke gani, wai mai bincike yana zaune cikin sanyi yana leƙen gilashi alhali mutane na mutuwa. Dukkansu ba su san aikin ba. Ni ba na zaɓa wa kowa. Labarin kaka ɗaya nake ba su, kakar da ni da ɗan baffana Bashir muka tsaya a kan mara lafiya guda, kowannenmu da abin da makarantarsa ta koya masa.

Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka yada zango a Gadarif ta ƙasar Sudan, zangon ya zama gida. Babana tela ne a kasuwa, baffana kuma yana yi wa 'yan kasuwa awon riɗi da dawa. Ni da Bashir shekara ɗaya muka gama sakandare, ba da daɗewa ba bayan sojoji sun karɓi mulki da sunan kafa shari'a. Lokaci ne na rashin tabbas. Manyan malaman jami'a suna ta ficewa zuwa ƙasashen Larabawa, ana maganar mayar da karatu cikin Larabci, kuma kowane ɗalibi sai ya shiga sansanin horon soja. Makarantu biyu ne a gabanmu. Ta Hartum tsohuwa ce, tana da ɗakunan gwaji da malaman da ake karanta rubutunsu a ƙasashen waje. Ta Madani kuwa tun shekarar farko take tura ɗalibi ƙauye, ta haɗa shi da gida guda, ya san rijiyarsu da masansu da abin da suke ci da damina.

A shagon babana aka yi maganar. Baffa ya ce ta Madani hakimai take yayewa, wato mataimakan likita kamar yadda ake kiran su a nan, ba daktoci ba. Babana bai daina taka kekensa ba, ya ce shi dai abin da ya sani, duk likitan da ya taɓa nema a Gadarif sai a ce masa ya tafi Hartum. Bashir ya ce idan kowa ya tafi ƙauye da maganin da ake da shi, wa zai nemo wanda ya fi shi? Na ce idan an nemo, wa zai kai shi? Yara ne mu, kamar muhawarar makaranta muka ɗauki abin. Ya tafi Hartum, na tafi Madani.

Aikina na farko bayan hidimar ƙasa a wani gari ne a bakin kogin Atbara, kudu da Shuwak idan aka nufi wajen Basunda. Asibitin ɗakuna huɗu ne, sai rumfunan ciyawa a fili inda marasa lafiya ke kwana da masu jinyarsu. Kayan aikina ba su da yawa. Na farko tafin hannuna ne. Mutum ya kwanta rigingine, ka ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, ka ce ya ja numfashi, ka ji saifa ta taɓo yatsunka. Sau da yawa kafin ka taɓa ma, tabon ƙuna a cikinsa ya riga ya gaya maka, domin a ƙauye idan saifa ta kumbura da ƙarfe mai zafi ake ƙona wurin. Na biyu madubin hangen ƙwayoyin cuta ne mai ɗan gilashin da ke kamo hasken rana, saboda babu lantarki. Idan hadari ya rufe rana, aiki ya tsaya. Na uku sikelin awon buhu ne da baffa ya ba ni, na rataye shi a reshen aduwa da majajjawar zane, domin allurarmu da nauyin mutum ake auna ta. Na huɗu tarakta ce da tirela. Ƙasarmu baƙar laka ce, daga saukar ruwa har ƙarshen damina ba motar da ke shiga, don haka taraktar nan ita ce motar ɗaukar marasa lafiya.

Ciwon da ya fi cin mana mutane shi ne kala-azar. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke sa shi, wanda ke ɓuya a tsagar ƙasa, ya ciji mutane da bazara lokacin da kowa ke kwana a waje. Ciwon ba ya fitowa nan take. Sai bayan watanni zazzaɓi ya kama mutum ya ƙi saki, ya rame, jininsa ya ƙare, saifarsa ta cika masa ciki. Idan ba a yi magani ba kashewa yake yi. Maganin a lokacin allura ce a kowace rana har talatin, ba fashi, allura mai zafi da ke sa ƙato ya ɗingisa. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne, marasa lafiya sun fi zuwa daidai lokacin da riɗi ke nuna. Riɗi kuwa ba dawa ba ne da za ta jira ka a tsaye. Idan kwanson ƙasa ya fara yin rawaya, ko ka yanke cikin 'yan kwanakin nan, ko ya tsage da kansa ya zubar da wahalar shekara cikin tsagar ƙasa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce mafi muni da na gani. Rumfuna sun cika, mutane sun kwanta har gindin aduwa. Wani jami'i ya ja mini kunne cewa kalmar annoba ba tawa ba ce, sai an ba da izini daga sama, saboda haka a saƙon rediyon oba-oba ƙaruwar zazzaɓi nake cewa. Maganin da aka turo bai kai in yi asarar ko kwalba ɗaya ba. Duk wanda ya sha rabi ya gudu ya cinye rabon wani, kuma idan ya dawo, ciwonsa ya fi na farko taurin kai.

Malam Isiyaku a keken jaki aka kawo shi. Manomi ne ɗan unguwar Hausawa ta wani ƙauye da bai fi tafiyar sa'a guda a tarakta ba. Matarsa Hawwa ce ta rako shi. Zazzaɓin ya fi wata, ya sha maganin cizon sauro na kanti har sau biyu, yana haɓo, saifarsa ta sauko kusa da cibiya, ga sabuwar ƙuna uku a kanta. Na tsotso ruwa daga kaluluwar matsematsinsa, na shafa a gilashi, na rina, na jira rana. Ƙwayoyin suna nan. Na ɗora shi a sikeli na fara masa allura. Na tambayi Hawwa wa ke gona, ta ce ba kowa, 'ya'yansu duk ƙanana ne. Ta bar shi ta koma gida, tana zuwa jefi-jefi.

Wajen allura ta goma sha biyu zazzaɓi ya sauka. Ya fara cin tuwo, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san nan ne wuri mafi haɗari, domin mutum yana jin ya warke alhali ciwon kwanciya kawai ya yi.

A daidai wannan lokaci Bashir ya iso, hanya ta ɗan bushe. Ya zo da farar mota da firji mai aiki da hasken rana da ma'aikata biyu, suka kafa tanti a bayan asibiti. Mun yi shekaru ba mu zauna tare ba, ya zama malami a Hartum. Abin da ya zo gwadawa shi ne haɗa tsohuwar allurarmu da wata dabam, ko kwana talatin za su ragu zuwa kusan rabi. Yana da ƙa'idodi, kuma ɗaya daga ciki ita ce ba a ɗaukar wanda ya riga ya fara magani. Kafin kwana biyu duk rumfuna sun ji cewa allurar baƙon daktor gajeriya ce.

Ranar wata Talata Hawwa ta zo da hantsi, ta kwance gefen mayafinta ta sa wa mijinta kwanson riɗi ɗaya a tafin hannu. Ina tsaye kusa ina duba wani yaro. Malam Isiyaku ya matsa kwanson da babban yatsa, ya buɗe ba wuya. Ya taso ya same ni.

"Daktor, gobe zan tafi. In yanke riɗina, in dawo ka ci gaba da huda ni."

Na yi masa bayani yadda nake yi wa kowa. Na ce idan ya tafi yanzu, da sanyi za a dawo da shi a kwance, kuma ban yi masa alkawarin allurar za ta ci a karo na biyu ba. Ya saurara har na gama. Ya ce ya ji, amma idan riɗin ya zube, yaran da Hawwa ba su da abin ci har wata kaka, kuma mutumin da ya warke ya tarar da gida ba hatsi bai ga amfanin warkewar ba. Sannan ya nuna tantin da haɓa.

"To ka mai da ni wajen ɗan'uwanka. An ce tasa gajeriya ce."

Na tarar da Bashir yana jera gilasai. Ya girme ni da watanni, tun muna yara nake ce masa Yaya.

"Yaya Bashir, mutum ɗaya nake roƙo."

"Mai riɗin? Ya fara tsohon magani, Sale. Ba zai shiga ba."

"Ban ce ka sa shi cikin gwajinka ba. Ba ni kwalaben, in yi masa da hannuna."

Ya ajiye gilashin. Ya ce in ya ba ni, shi kansa bai san abin da ya ba ni ba. Ko maganin yana aiki ko ba ya yi, abin da ya zo nema ke nan. Bai kuma san abin da zai yi wa ƙoda da kunnen mutumin da ya riga ya sha rabin wancan ba. Sannan idan kwalba ɗaya ta fita ba bisa ƙa'ida ba, masu sa ido za su rufe aikin gaba ɗaya, duk waɗanda suka ba da jikinsu a tantin nan sun ba da a banza. Na ce masa to mutumin zai mutu da sanyi, takardunsa kuma za su fita tsaf. Bai ɗaga murya ba.

"Zai yiwu. Bara mutum nawa suka tafi yankan riɗi ba su dawo ba? Baɗi ma za su tafi, muddin talatin ce. Ni wannan nake yaƙa. Mutumin nan naka ne."

Abin da ya iya yi, ya yi. Ya sake ɗibar ruwan kaluluwar Malam Isiyaku, ya sa a nasa madubin mai fitila, ya daɗe yana nema har ya samo, ya kira shi ya duba da idonsa. Malam Isiyaku ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya ce ya gan su, kamar an watsa riɗi a faranti. Ya yi godiya, ya ce amma nasa riɗin ya fi waɗannan girma, kuma ya riga ya aika a kawo masa keken jaki da safe.

A Madani, duk lokacin da ɗalibi ya gabatar da mara lafiya, bayan ya gama lissafa alamomi da magani, akwai tambayar da ba a tsallakewa: wane aiki mutumin nan ya bari a gida, kuma wa zai yi shi? Muna ɗalibai muna ganin ɓata lokaci ne. Da la'asar ɗin nan ita kaɗai ta rage mini. Na hau tarakta na je wurin shehun ƙauyensu, wato mai gari, na nemi a yi masa gayya, abin da Larabawan nan ke kira nafir. Shehu ya ce gayya ta noma ce da ɗaurin jinka, ba a yin ta a yankan riɗi, domin na kowa rana ɗaya yake nuna. Na tambayi 'yan ƙwadago, ya ce duk Habashawan da suka ƙetaro ta Gallabat manyan gonaki sun kwashe su tun daga tasha.

Ina shigowa asibiti kafin magariba na ga abin da kullum yake gabana ban lura ba. Ƙarƙashin kowace rumfa akwai lafiyayyen namiji zaune, miji ko uba ko wa, wanda ya kawo mara lafiya daga nesa. Bayan allurar safe ba su da aikin yi sai shan shayi da kallon hanya. Dukkansu manoma ne.

Na kai wa Malam Isiyaku shawarar, ya ƙi. Ya ce mai gona ne ke kiran gayya da bakinsa, a ƙofar mutanen da ya taɓa yi wa aiki ko zai yi musu. Waɗannan bai san su ba, wasu 'yan ƙabilar Masalit ne, wasu Larabawa, wasu ko sunan garinsu bai taɓa ji ba. In ni na kira masa, sadaka ce, shi kuwa bai kai nan ba. Na ce to ya kira da bakinsa.

"In rama musu da me, Daktor?"

"Da hannunka, baɗi. Amma sai kana raye."

Washegari da sassafe keken jaki yana bakin ƙofa. Na yi masa allurar ranar kamar kowa. Ya naɗe tabarmarsa ya ɗaure butarsa a jiki, ya kama hanyar ƙofa yana ɗingishi, Hawwa na bayansa. Na ci gaba da layin allura, amma ina ganin sa. A rumfar ƙarshe ya tsaya. Wani Bamasalite ne a wurin mai jinyar matarsa. Malam Isiyaku ya yi sallama, ya ajiye tabarmar, ya tsuguna, ya faɗi sunansa da sunan ƙauyensu da Larabci, ya ce yana kiran nafir a gonarsa. Mutumin ya ce nasa riɗin yana can tafiyar kwana uku, ya tabbata ya riga ya zube, kuma hannunsa ya gaji da zama. Ya tambaya ko akwai lauje.

Haka ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani. Wasu suka ce ba za su bar ɗa a kwance su tafi ba, kuma suna da gaskiya. Na raba aikin jinya, wanda ya zauna ya kula da nasa da na maƙwabcinsa. Sai matsalar da ta fi: idan tarakta ta tafi gona, ba abin da zai ɗauki mai naƙuda ko wanda ciwo ya rikice masa zuwa Shuwak. Ina tsaye ina auna wannan, direban Bashir ya zagayo da farar motar ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Bashir ya ce kwalabensa ba sa fita, amma ba wata ƙa'ida da ta hana motarsa ɗaukar mara lafiya.

Mutum goma sha wani abu suka hau tirela. Shehu ya tara musu lauje, Hawwa da maƙwabtanta suka tuƙa tuwon dawa aka kai gona, domin gayya ba ta cika sai mai gona ya ciyar. Shi kam na hana shi zuwa. Kullum da yamma yana zaune a bakin ƙofa, tarakta na tsayawa sai ya tashi ya tambayi inda aka kai, da ko an ɗaure dammunan an jingina su da kyau. Ɓangaren tudu ya riga ya tsage kafin su kai gare shi. Abin da aka tsirar ya fi rabi. Malam Isiyaku ya sha allurarsa talatin cif, na taɓa cikinsa na ji saifa ta koma ƙarƙashin haƙarƙari, na sallame shi.

Kada ku ɗauka kowa haka ya ƙare. A kakar nan wasu biyu sun tafi, gonakinsu sun yi wa tarakta nisa. Ɗaya an dawo da shi da sanyi, na sake fara masa allura, bai kai mako ba. Ɗayan ban sake jin labarinsa ba. Shi ma Bashir bai koma Hartum da nasara ba. Awon farko na sabon maganin bai wadatar ba, sai da aka sake lissafi aka sake gwaji, shekaru suka wuce yana zuwa yana komawa, furfura ta fito masa a kan tambaya ɗaya.

Don haka idan kun tambaye ni wace makaranta, ga abin da zan iya cewa. A ɗaya za ku koyi kallon mutum a ido ku ce masa a'a, saboda mutanen da ba ku taɓa gani ba kuma watakila ba a haife su ba. A ɗayar za ku koyi riƙe wanda ke gabanku da abin da ke hannunku yau, ko da kun san bai isa ba, kuna jiran wani ya kawo wanda ya fi shi. Kowa ya duba wanne zai iya ɗauka shekara da shekaru.

Malam Isiyaku ya rama gayyarsa. Kakar da ta biyo ya zo da laujensa ya zauna a bakin ƙofa yana tambayar wa ke da riɗi a tsaye, haka kuma ta bayanta. Bayan shekaru, lokacin da gajeriyar allurar ta zama ita ce muke yi wa kowa, ya kawo mini 'yarsa Zainabu da zazzaɓi da kumburin saifa. Damina na ƙarewa ke nan. Na ɗora ta a sikeli, na gaya masa kwanakin da za su yi. Ya lissafa da yatsu, ya ga za su koma gida riɗi bai nuna ba. Ya ɗauki kwalbar ya jujjuya ta.

"Wannan ce ɗan'uwanka ya hana ni?"

Na ce ita ce.

Ya mayar da ita kan tebur a hankali, ya gyara wa yarinyar kwanciya.

"In ka je Hartum, ka ce masa mai riɗi yana gaishe shi."